An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Da farin hayaƙi abin yake farawa. Mutum ya tayar da motarsa da safe, ko yana tsaye a danja yana jiran hannu, sai ya hango ta madubi salansa tana tuttuɗo da wani farin abu mai kauri kamar hazo, mai ɗan ƙamshin zaƙi, wanda bai yi kama da baƙin hayaƙin da aka san motar dizal da shi ba. Ya buɗe bonet ya duba robar ruwan inji, ya tarar ruwa ya ja baya. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin mota, ƙasa a bushe ƙamas, ko ɗigo babu. Ya cika ruwa, bayan kwana biyu ya sake tarar da shi ya ragu. Ruwa dai na tafiya, amma ba a ga ƙofar da yake bi ba.

Haka dubban mutane suka wayi gari a Amurka daga 2003 zuwa shekarun da suka biyo baya. Motocin su ne manyan a-kori-kura na kamfanin Ford, ƙirar F-250 da F-350, waɗanda in Hilux ɗin da muka sani ta tsaya kusa da su sai ta zama kamar ƙanwarsu. Motocin neman abinci ne. Makiyaya na jan tirelar shanu da su, magina su yi lodin siminti da katako, masu gyaran wuta da na famfo su zuba kayan aikinsu a baya. Irin injin da ke cikinsu aka kuma sa wa motocin ɗaukar marasa lafiya da dama a ƙasar. Duk wanda motarsa ta kwana a gareji, abincin gidansa ne ya kwana a can.

Sunan injin Power Stroke, mai lita 6.0, silinda takwas a layi biyu da suka buɗe kamar harafin V. Ba Ford ne ke ƙera shi ba. Wani kamfani ne mai suna Navistar a lokacin, wanda kafin nan ake kira International Harvester, kuma tun farkon shekarun 1980 yake yi wa Ford injunan dizal na waɗannan motoci. Injin da ya gabaci wannan, mai lita 7.3, ya yi suna wajen juriya, har yau masu shi ba sa son rabuwa da shi. Abin da ya kawo ƙarshensa doka ce. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta tsayar cewa daga 2004 dole manyan injunan dizal su rage wata iska mai guba da suke fitarwa, wadda masana ke kira NOx. Tsohon injin ba zai iya cika sharaɗin ba, sai aka fito da sabo, ƙarami a jiki amma ya fi ƙarfi, doki 325. Da ya fito an yi ta yabonsa, mujallar Ward's ma ta sa shi cikin injuna goma da ta zaɓa a 2003.

Sai an san abin da aka ƙara masa kafin a gane inda gizo ya yi saƙa. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, iska mai sanyin hali wadda ba ta shiga sabgar kowa. Amma in wutar cikin silinda ta kai wani matsanancin zafi, sai naitirojin ta haɗu da iskar oksijin su haifar da NOx, mai ƙona huhu, mai tayar wa masu asma da ciwonsu, mai lulluɓe birane da hazo. Dabarar da injiniyoyi suka daɗe da samowa ita ce a rage zafin wutar. Sai a ɗebi wani kaso na hayaƙin da ya riga ya ƙone, maimakon ya fita ta salansa a karkato shi a mayar cikin inji. Tunda ya ƙone, ba zai sake ci ba, wuri kawai zai tare ya rage wa wutar kaifi, kamar yadda uwar gida kan barbaɗa toka a kan garwashi in ya yi ja da yawa. Wannan shi ne EGR. Kaya biyu ne ginshiƙinsa: bawul mai buɗewa da rufewa bisa umarnin kwamfutar mota, da wani bututun ƙarfe da kanikawa ke kira kula, inda hayaƙin ke bi ta ciki ruwan lagireto na zagaye shi don ya huce kafin ya koma. Hayaƙin babbar mota mai jan kaya a hawa yakan haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyos. Tsakaninsa da ruwan ba komai sai siririn ƙarfe.

To mai farin hayaƙi ya kai mota gareji. Akwai wani gwaji mai sauƙi da kanikawan can suka saba da shi. A ajiye motar a gangare, hancinta na kallon ƙasa, a bar ta ta kwana. Da safe a kwance bawul ɗin EGR a haska rami da tocila. Lafiyayyen inji busasshiyar kunkunniya za a gani, baƙa ƙirin kamar ta rufin madafi. In aka ga ta jiƙe ta zama kwaɓaɓɓiya, ko wurin ya yi fes kamar an wanke shi da tururi, magana ta ƙare: kular hayaƙi ta tsage, ruwa na tsiyaya cikin hanyar iska, inji na sha yana fitar da shi tururi ta salansa. Ga ƙofar da ruwa ke bi an gano. A cire tsagaggiyar kula a sa sabuwa, a cika ruwa, a miƙa wa mai mota makullinsa.

Ba wanda zai ce bakaniken ya yi kuskure. Ya ga abin da ya lalace da idonsa, ya canza shi, hayaƙi ya ɗauke. Sai dai bayan wasu watanni, wani ma makonni, motar takan dawo da farin hayaƙinta. A sake buɗewa, sabuwar kular ma ta tsage. A sake sa wata. Akwai waɗanda aka canza wa sau biyu, akwai sau uku. Muddin garantin inji na shekara biyar ko mil 100,000 bai ƙare ba, kamfani ke ɗaukar mafi yawan kuɗin, mai mota kuma yana asarar kwanakin aiki. Ranar da garanti ya ƙare, nauyin ya dawo wuyansa.

Kuma ciwon ba ya tsayawa a kula. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya shiga silinda ya zama tururi, matsin da ke ciki sai ya wuce abin da aka tsara. Kan silindar wannan inji kusoshi huɗu ne ke riƙe da kowace silinda, alhali tsohon mai lita 7.3 shida yake da su. Kusoshin sukan miƙe, kan silinda ya ɗan ɗaga, gasket ya ƙone. Daga nan iskar wuta ta riƙa kutsawa cikin hanyar ruwa, robar ruwa ta riƙa amai ta murfi, ta bar farin busasshen tabo a gefenta. In kuwa ruwan da ya taru a silinda ya yi yawa mota na ajiye, ana murza makulli fistin zai daki ruwa ya tsaya cak, wani lokaci sandarsa ta lanƙwashe. Gyaran gasket a wannan mota aiki ne ja, don yawancin garejoji sai sun ɗaga gidan direba ɗungurungum daga kan shasi kafin hannu ya kai ga injin yadda ya kamata. Dubban daloli ne.

Kowa ya tsani kular hayaƙi. Ita ake zagi, ita ake cirewa a jefar a kwandon tsoffin ƙarafa. Gaskiya tana da nata raunin, domin ta shekarar farko mai zagayayyen jiki ce da bututu masu ɗan kauri, daga 2004 kuma aka koma wata mai kusurwa huɗu da siraran faranti a ciki, wadda ta fi sanyaya hayaƙi amma ta fi saurin tsagewa. Duk da haka tambayar da ta kamata a yi tun farko ita ce: me ya sa ƙarfen da aka ƙera don ya zauna cikin ruwa yake ƙonewa kamar tukunyar da aka manta a kan murhu?

Amsar tana ƙasa da ita, a cikin kwarin da ke tsakanin layukan silinda biyu, wurin da ido ba ya kaiwa sai an kwashe kaya da yawa. A nan wata kula ta biyu take zaune, ta sanyaya baƙin mai. Faranti ne na ƙarfe da aka jera kan juna, mai na bi ta wani saƙo, ruwa na bi ta na kusa da shi, kuma saƙunan ruwan ƙanana ne ƙwarai. Yadda aka tsara hanyar, ruwan da zai je kular hayaƙi sai ya fara ratsa kular mai tukuna. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san wannan zance ba sai an yi masa dogon bayani ba. In kwalbatin da ke sama ya cushe da ciyawa, fangalin da ke ƙasa ne ke bushewa, kuma ko sau nawa ka sake dashe a fangalin nan ba zai yi ba sai ka hau sama ka yashe kwalbatin.

Da kanikawa suka fara yanka tsoffin kulolin mai gida biyu suna dubawa, sai ga saƙunan ruwa a toshe da wani abu mai kama da laka, a cikinsa kuma har da yashi. Yashi a cikin injin da ba a taɓa buɗewa ba, a motar da ba ta taɓa shan ruwan rafi ba.

Daga maƙera ya taho. Gangar jikin inji zubi ake yi, kusan yadda masu zubin tukwanen alminiyam suke yi a kasuwanninmu: a gina siffa da yashi, a kwarara narkakken ƙarfe, in ya huce a fasa yashin a fitar da kaya. Hanyoyin ruwan da ke cikin inji ma da curin yashi ake barin gurbinsu, daga baya a girgiza a wanke. Ba a raba shi da 'yan ƙwayoyin da ke maƙalewa a lungu. A tsoffin injuna wannan bai dami kowa ba, hanyoyin ruwansu manya ne, yashin ya samu wuri ya kwanta har injin ya tsufa. A wannan kuwa an kafa masa rariya a hanya ba da niyya ba. Ga kuma sinadarin da ake haɗawa da ruwan lagireto don hana tsatsa da daskarewa, wanda in ya sha zafi ya tsufa yakan saki wani abu mai kauri kamar kamu. Wasu kanikawan sun fi ɗora laifin a kan yashin, wasu a kan wannan kamun, amma a wuri ɗaya suke taruwa. Kular mai ta toshe a hankali, ruwan da ke wucewa ya ragu, ɗan wanda ya isa kular hayaƙi ya tafasa nan take ya zama tururi, ƙarfe ya yi ja ya huce, ya yi ja ya huce, har ya tsage. Sabuwar kula da aka sa jiya, ƙishirwar da ta kashe ta farko ita ke jiranta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin nan shi ne, injin da kansa yana ɗauke da shaidar tun kafin hayaƙi ya fito. Akwai na'urar auna zafin ruwa a jikinsa, akwai ta auna zafin mai, kwamfutar mota na karanta su duka biyun a kowane lokaci. Direba dai ba ya ganin zafin mai a gabansa, allurar ruwa kawai yake gani, ita kuwa tana zaune a tsakiya lafiya lau, domin ruwan da ke zagaya sauran injin bai yi zafi ba. Amma in aka jona na'urar karanta kwamfuta, aka bar inji ya gama ɗumama, aka hau miƙaƙƙen titi aka riƙe gudu wajen kilomita 100 a awa na ɗan lokaci, sai a dubi lambobin biyu gefe da gefe. In kular mai na aiki, zafin mai ba ya nisa da na ruwa, tazarar 'yan digiri ce. In ta fara toshewa, mai ya rasa mai sanyaya shi, sai tazarar ta buɗe. A sanarwar gyara da Ford ya aika wa dillalansa a 2009 ya sa iyakar a digiri 15 na Faranhait, wato kimanin digiri 8 na Salshiyos. In tazarar ta haura haka, kular mai ta tafi, kuma ta hayaƙi na kan hanya. Lissafin ɗebewa ne da ɗan firamare zai yi. Mota ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, ba ta rage ƙarfi, amma lambobi biyu sun riga sun faɗi abin da zai faru da ita. Shekara shida ke nan da fitowar injin, an riga an daina sa shi a a-kori-kuran tun bayan ƙirar 2007. Ina tuna mutanen da suka biya kuɗin kula ta biyu da ta uku daga aljihunsu a tsakanin nan, da kanikawan da masu mota suka ɗauka ba su iya aiki ba, alhali abin da aka koya musu suka yi.

Zafin man ma yana da tasa ɓarnar daban. Nozul ɗin wannan inji da matsin baƙin mai suke harba dizal, saboda haka man da ya dahu ya tsinke yakan taɓa su su ma. Shi kuma bawul ɗin EGR yana da nasa ciwon da bai shafi ruwa ba: kunkunniya kan taru ta ƙame shi, musamman a motar da ke daɗewa a kunne ba ta tafiya. Kwamfuta ta nuna lamba irin su P0401 ko P0404, mota ta riƙa shaƙewa tana baƙin hayaƙi. Ba motar da ta kai ta asibiti zama a kunne, tana jiran kira ko tana ƙofar asibiti da na'urorinta na aiki. Ba mamaki da masu irin waɗannan motoci suka kasance cikin na farko da suka kai Ford ƙara.

Rigimar ba ta tsaya tsakanin masu mota da Ford ba. A Janairun 2007 Ford ya maka Navistar a kotu a jihar Mishigan, yana cewa abokin cinikin nasa ya ƙi ɗaukar kasonsa na kuɗin gyare-gyaren garanti, waɗanda Ford ya ce sun doshi dala biliyan 1, kuma ya fara zaftare kuɗin daga abin da Navistar ke binsa. Navistar ya mayar da martani a watan Fabrairu, ya dakatar da aika sababbin injuna, masana'antar Ford da ke Luwibil a jihar Kentaki, inda ake harhaɗa waɗannan motoci, ta shiga halin tsayawa. Sai da alƙali ya ba da umarni a ci gaba da aikawa, Ford kuma ya ci gaba da biya. Shekara biyu ana ja-in-ja. A Janairun 2009 suka sasanta, suka kuma amince cinikin injin ya ƙare a ƙarshen shekarar. Zumuncin kusan shekara talatin ya watse. Navistar ya sanar da rufe masana'antar injinsa ta Indiyanafolis, ma'aikata suka rasa aiki. Ford ya zauna ya zana nasa injin da kansa, mai lita 6.7, ya fara sa shi a ƙirar 2011, wannan karon da hanyoyin ruwan sanyaya guda biyu, kowace da lagiretonta. Ƙarar da masu motoci suka haɗu suka shigar kuwa a 2013 aka sasanta ta a kotun tarayya da ke Shikago, abin da aka mayar wa mutum a kan gyara ɗaya bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba.

Masu motar ba su zauna jiran kotu ba. Da yawa sun bi gajeriyar hanya, suka cire EGR ɗin gaba ɗaya, suka toshe ramin da farantin ƙarfe, suka sauya wa kwamfuta tunani don kada ta kunna fitilar gargaɗi. Dokar Amurka ta haramta wannan, amma ya yaɗu a kowane irin a-kori-kura na dizal, har wani rahoton EPA na 2020 ya ƙiyasta cewa sama da 550,000 aka cire wa kayan tace hayaƙi cikin shekara goma. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ko a garejojinmu in bawul ɗin EGR ya dami mai mota, yankan gwangwani ake yi a toshe shi. Ban ga hikimar wannan ba ko a can ko a nan. Gubar da aka ƙi mayarwa inji, mai tallan da ke bakin titi da yaron da ke goye a bayan uwarsa su ke shaƙarta. A wannan injin kuma cirewar ba ta ma taɓa asalin ciwon ba, domin kular mai tana nan a toshe, mai na ci gaba da dahuwa, an dai kashe mai kai rahoto ne kawai.

Waɗanda suka bi ta dogon zango su suka ci riba. A wanke hanyoyin ruwa sarai kafin a sa sabon kaya, a canza kulolin biyu tare, a sa ta hayaƙi mai bututun ƙarfe masu kauri, a maye kusoshin kan silinda da masu ƙarfi in har an buɗe shi. Wani kamfani a garin Mesa na jihar Arizona, Bullet Proof Diesel, ya gina kasuwancinsa kacokan a kan wannan matsala, har ya ƙera hanyar fitar da kular mai daga kwarin injin a kai ta gaban mota inda iska za ta sanyaya ta, ruwa ya wuce kai tsaye ba abin da ya tare shi. Motocin da aka yi wa irin wannan aiki da yawansu suna kan titi har yau, sun haura shekara goma sha biyar suna jan kaya, kuma ka shiga cikinsu sau da yawa za ka ga ɗan ƙaramin allo manne kusa da sitiyari yana nuna lambobi biyu, zafin ruwa da zafin mai.

Mafi arha cikin duk gyare-gyaren shi ne ɗan mataci, kamar filtar mai, da ake ɗaurawa a gefen inji a jona masa siririn tiyo, wani kaso na ruwan lagireto ya riƙa bi ta cikinsa yana komawa. Injin bai zo da shi daga kamfani ba. Masu motar kan cire na farko bayan 'yan ɗaruruwan mil, su yanka gwangwaninsa, su buɗe takardar da ke ciki su shanya ta a rana. In ta bushe suka karkaɗe ta a kan farar takarda, sai yashi ya zubo, wani lokaci har ya kai cikin cokali.